Dodge Charger ta 1966 zuwa 1974: Hemi 426 ko 440, wanne ne injin?

Tambaya: Ina yawan ganin tsohuwar Dodge Charger a finafinan Amurka da a intanet, kuma duk wanda ya buɗe baki sai ya yabi injin Hemi. Mene ne tarihin motar, me ya raba Hemi da 440, kuma idan mutum zai saya ko zai tayar da wadda ta daɗe a ajiye, me ya kamata ya duba?

Amsa: Malam, Hemi shi ya ɗauki suna, amma 440 shi ya yi aikin. Idan tsere za ka shiga, ko kana neman kadarar da za ka ajiye ta yi kuɗi, Hemi ne. Idan kuwa motar hawa kake so, wadda za ka murɗa makulli ta tashi da safe ba tare da ka kira bakanike ba, 440 ya fi shi nesa ba kusa ba. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera su biyun, kuma ba a gane shi sai an san abin da ya sa aka yi kowanne.

A 1964 ne kamfanin Pontiac ya ɗauki injin 389 na manyan motocinsa ya cusa a matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO, ya sayar da fiye da 32,000 a shekara guda. Daga nan kowane kamfani a Ditroit ya shiga neman irin wannan mota, wadda Amurkawa ke kira muscle car: matsakaicin bodi, ƙofa biyu, ƙaton injin V8 mai silinda takwas, farashin da matashi mai albashi zai iya biya. Lambobin nan da ake kiran injinan da su, 383, 426, 440, girman cikin silindodi ne da ma'aunin inci. Wato 383 lita 6.3 ke nan, 426 lita 7.0, 440 kuma lita 7.2.

Dodge ta fito da Charger a farkon 1966. A ƙarƙashi Coronet ce, sai aka yi mata rufi mai gangarowa har ƙarshen but, da fitilun gaba masu juyawa su ɓuya, da kujeru huɗu rarrabe. An sayar da kimanin 37,000 a shekarar farko, a 1967 cinikin ya faɗi bai kai 16,000 ba. Sai a 1968 aka sake mata jiki gaba ɗaya, ƙugu ya matse, kafaɗun baya suka buɗe, gilashin baya ya nutse tsakanin ginshiƙan rufi. Wannan ce wadda kake gani a finafinai. Cinikin ya haura 96,000. Tsawonta inci 208 ne, kusan mita 5.3, tazarar tayun gaba da na baya inci 117. Ta 1968 tana da fitilun baya zagayayyu huɗu da baki guda a gaba ba rabi. Ta 1969 an raba bakin biyu, fitilun baya suka zama dogaye. Ta 1970 kuma bamba ce ta kewaye bakin gaba ɗaya. Da wannan kaɗai za ka rarrabe su daga nesa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne yawancin motocin nan ba su da wani ƙarfi na a zo a gani. Akwai masu injin 318 mai ƙarfin doki 230, akwai 383 mai ƙaramar kafireta mai doki 290, da mai babbar kafireta mai doki 330, har ma akwai mai silinda shida na 225. A 1968 samfurin R/T, wato Charger mai ƙarfi, shi kaɗai ke zuwa da 440 Magnum tun daga kamfani, kuma a kansa ake ƙara kuɗi a sa Hemi. A cikin motoci 96,000 na 1968, masu Hemi ba su kai 500 ba. A 1970 ɗari da 'yan kai ne.

Bari mu buɗe Hemi tukuna. Sunan daga siffar ɗakin da mai ke ƙonewa a cikin tof ya samo asali: kamar rabin ƙwarya ne da aka kife a kan fistin. Da wannan siffa, bawul ɗin shigar iska yana gefe ɗaya, na fitar hayaƙi yana ɗaya gefen suna fuskantar juna, fulogi kuma yana tsakiya cif. Amfanin biyu ne. Na farko, akwai wurin sa manyan bawul, inci 2.25 na shiga da 1.94 na fita, kuma iska tana ratsawa kusan kai tsaye ba tare da ta sha kwana ba. Na biyu, wuta tana tashi daga tsakiya ta bazu daidai. Kamfanin Chrysler, wanda Dodge da Plymouth ke ƙarƙashinsa, ya fara sayar da irin wannan tof tun 1951 a injin 331, ya bi da 354 da 392, sannan ya daina bayan 1958 saboda tsadar ƙira. Da aka matsa masa a NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, sai injiniyoyinsa, cikinsu har da Tom Hoover, suka ɗora irin wannan tof a kan bulok ɗin 426 da aka ƙara wa ƙarfi. A gasar Daytona 500 ta Fabrairun 1964 motocin Plymouth masu wannan inji suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, Richard Petty ne a gaba. Hukumar tseren ta hana amfani da shi a 1965, ta ce ba injin da ake sayar wa jama'a ba ne. To wannan hani shi ya haifi Hemi na titi a 1966. Ba don direban gari aka yi shi ba, an sayar masa ne domin a samu izinin komawa fili.

Faɗin silindarsa inci 4.25, tafiyar fistin 3.75, matsi 10.25 a kan 1, kafireta Carter AFB guda biyu kowace mai maƙogwaro huɗu. Kamfani ya rubuta doki 425 a juyi 5,000 a minti, da ƙarfin murɗawa 490 lb-ft a juyi 4,000, kusan 665 Nm. Murafan metal na tsakiya guda uku da ke riƙe kiranshaf an ɗaure su da ƙarin bol ta gefen bulok, don kada su motsa in juyi ya yi sama. Kowane tof yana da sandar roka biyu, ta shiga daban ta fita daban, shi ya sa murafan bawul ɗinsa suke da faɗi haka, wayoyin fulogi suna shiga ta tsakiyarsu. Girman nan ne ya sa aka yi masa laƙabi da giwa.

Yanzu ga inda yake wahalar da mai shi. Manyan hanyoyin iska suna son gudu. In injin yana juyi ƙasa-ƙasa a cunkoson gari, iskar ba ta da saurin da za ta riƙe mai a gauraye, sai man ya kwanta, fulogi su yi baƙi, injin ya fara tsallake wuta. A tafiyar yau da kullum rabin kafiretar baya kaɗai ke aiki, ta gaba sai an danna totur sosai take buɗewa, kuma in sandunan da ke haɗa su ba su daidaita ba motar za ta shaƙe daidai lokacin da ya kamata ta zabura. Daga 1966 zuwa 1969 tafet ɗinsa busassu ne, ba masu cika da mai ba, don haka dole a riƙa saita bawul da hannu: 0.028 na inci a na shiga, 0.032 a na fita, injin yana sanyi. In tazarar ta yi yawa za ka ji ƙara kuma kamshaf na cin duka, in ta yi kaɗan bawul ba ya zama da kyau ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. Sai a 1970 aka koma tafet masu mai. Shi kansa kamfanin ya san abin da ya sayar: sauran injinansa yana ba su garantin shekara 5 ko mil 50,000, Hemi kuwa wata 12 ko mil 12,000. Ga shi a 1968 sai ka ƙara sama da dala 600 a kan motar da kuɗinta ya kai kusan dala 3,500.

Shi 440 daga wani gida ya fito. A 1958 Chrysler ta fara jerin injinan da take kira B, wato 350 da 361, daga baya 383 da 400. Sai ta ƙara wa bulok ɗin tsayi domin fistin ya samu doguwar tafiya, ta kira shi RB, nan aka samu 413 da 426 mara Hemi da 440. Ɗakin ƙunarsu gefe ɗaya ya fi zurfi, bawul suna jere a layi guda, sandar roka ɗaya a kowane tof. Mai sauƙin ƙira, mai araha, mai sauƙin gyara. 440 ya shigo a 1966 a manyan motoci, a 1967 aka yi masa samfurin Magnum da ya shiga Charger: faɗin silinda 4.32, tafiyar fistin 3.75, kafireta guda mai maƙogwaro huɗu, doki 375 a juyi 4,600, murɗawa 480 lb-ft a juyi 3,200.

Dubi lambar ƙarshen nan da kyau, domin nan maganar take. Murɗawarsa ta gaza ta Hemi da 10 kacal, amma yana kai ta tun a juyi 3,200, Hemi kuwa sai 4,000. A titi, daga wannan danja zuwa waccan, ba ka daɗewa a sama da juyi 5,000 inda Hemi ke buɗe ƙirji. Ga shi 440 bai kai shi nauyi a kan tayun gaba ba. Tayun zamanin kuma sirara ne, F70-14, ko ƙarfin 440 ba sa iya kamawa, balle ƙari. Shi ya sa 440 da aka saita da kyau yake yawan wuce Hemi da aka bari ba saiti. A tseren rubu'in mil, wato mita 402, R/T mai 440 tana yin kusan daƙiƙa 14, Hemi mai lafiya kuma wajen 13 da rabi. Rabin daƙiƙa ne aka biya dala 600 a kansa, tare da ciwon kai.

A 1970 Charger ta samu 440 Six Pack, kafireta Holley guda uku kowace mai maƙogwaro biyu, matsi 10.5 a kan 1, doki 390, murɗawa 490, daidai da ta Hemi amma a juyi 3,200. Ta tsakiya ce ke aiki kullum, na gefe biyun zuƙar iska ce ke buɗe su in an taka. A nawa ganin shi ne injin titi mafi kyau da aka taɓa sa wa motar, sai dai in robar da ke buɗe na gefen ta tsage, ko farantinsu ba ya rufewa ruf, silo ba zai taɓa zama ba, kuma mutane da yawa sukan ɓata lokaci a kan ta tsakiya alhali laifin na gefe ne.

Kyawun jikin 1968 bai yi mata rana a filin tsere ba. Bakin da ya shige ciki yana tara iska, gilashin baya da ya nutse yana ɗaga bayan motar in gudu ya yi yawa. Sai aka yi Charger 500 a 1969, aka fito da bakin daidai da gaban mota, aka shafe gilashin baya daidai da rufi. Bai isa ba. Aka bi da samfurin Charger Daytona, mai tsinin hanci na inci 18 da fiffiken baya mai tsayin inci 23, aka ƙera 503. Ranar 24 ga Maris 1970 Buddy Baker ya zagaya filin Talladega da ita a gudun mil 200.447 a awa, sama da kilomita 322. Zuwa 1971 hukumar ta ce mai fiffike ba zai wuce injin 305 ba, zancen ya mutu.

Mutuwar sauran ma ba ta ɗauki lokaci ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa masu manyan injina, dokar tsabtace iska ta 1970 ta zo, aka fara shirin cire dalma daga fetur. Hemi ya tsaya a 1971, kuma Charger masu shi a shekarar ba su kai ɗari ba. A 1972 matsin 440 ya sauka zuwa 8.2 a kan 1, aka rubuta masa doki 280. Amma kada ka ɗauka doki 95 ne suka ɓace. A shekarar ce aka sauya yadda ake awo: da ana gwada inji tsirara, ba salansa ba matatar iska ba kayan da fanbel ke ja, daga 1972 sai aka koma gwada shi yadda yake a mota. Wani ɓangare na faɗuwar na gaske ne, wani na takarda. Takunkumin man fetur na Oktoban 1973 ya ƙarasa aikin, domin mota ce mai cin lita ɗaya a kilomita 4 ko 5. Daga 1975 sunan Charger ya koma kan motar ƙawa, 440 kuma aka daina shi a 1978.

Sai batun saye. Tunda kuɗin Hemi da R/T ya ninka na sauran, an mayar da ɗimbin motocin 318 zuwa R/T da fenti da tambari. Fara da lambar mota da ke kan dashbod ta bayan gilashi. XP29 ita ce Charger ta yau da kullum a 1968 da 1969, XS29 ita ce R/T, XX29 kuma Daytona da akasarin Charger 500 na 1969. Harafi na biyar shi ne inji. A 1968 da 1969, F 318 ne, G da H 383 ne, L 440, J Hemi. A 1970 an sauya: G 318, L da N 383, U 440, V Six Pack, R Hemi. Ka lura L ta 1969 da L ta 1970 ba abu ɗaya ba ne, nan ake yaudarar mutane. Sannan ka duba ƙaramin farantin da ke cikin bonet a kan fenda ta hagu: a 1969 da 1970, E86 440 ne, E87 Six Pack, E74 Hemi. Daga 1969 ana buga wani sashe na lambar motar a jikin bulok, gefen dama, daidai saman tukunyar baƙin mai. In bai yi daidai da na dashbod ba, an sauya injin. Motar Hemi ta asali tana da ƙarin faranti da aka yi wa walda a ƙarƙashi, kusa da inda sifirin na baya yake kamawa. Mai giyar hannu huɗu ta 440 ko Hemi kuma aksul ɗinta na baya Dana 60 ne, mai murfi a baya, ba 8¾ da ake zaro cikinsa ta gaba ba.

Rarrabe 383 da 440 ido da ido ba wuya. Dukansu distributa tana gaba, a karkace. A 440 akwai shafaffen fili a saman bulok ta gaba, gefen direba, da aka buga lambar a kai. A 383 filin yana ƙasan distributa a gefen dama. Tof ɗinsu yana shiga na juna, amma manifol na shiga da distributa da sandunan tura roka ba sa shiga, saboda bambancin tsayin bulok. Wani tarkon kuma kiranshaf ne. Na farko-farko ƙirarren ƙarfe ne da aka daidaita nauyinsa a ciki. Daga wajen 1973 da yawa na zubi ne, nauyin daidaitawar yana jikin fulin gaba da konbata. In ka haɗa fulin wannan da kiranshaf ɗin wancan, injin zai riƙa karkarwa har ya cinye metal.

In motar ta daɗe a ajiye, kada ka yi gaggawar murɗa makulli. Cire fulogi, zuba ɗan mai a kowace silinda, juya injin da hannu. Zare distributa da sandar da ke juya famfon mai, sa doguwar sanda mai kusurwa shida a injin huji, ka juya ta hagu har mai ya fito a roka. Jerin wutarsa 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, silindodin mara suna gefen direba, kuma rota tana juyawa hagu, saɓanin ta 318 mai juyawa dama. Bakanike da ya saba da ƙaramin injin yakan jera wayoyin a baibai, motar ta yi ta harbi ta kafireta. Gwada kacar taimin: juya kiranshaf gaba, sannan baya, kana kallon rota. In ya yi digiri 8 zuwa 10 kafin ta motsa, sauya. Haƙoran giyar kamshaf na asali roba ce aka lulluɓa, tana farfashewa ta zube cikin tukunyar mai ta toshe rariyar famfo, don haka in ka ga haƙoran sun ɓalle sai an sauke tukunyar an wanke.

Man yau ba na 1969 ba ne, ta fuska biyu. Fetur ba dalma, ƙarfin jure matsinsa kuma bai kai na da ba. Da tof na ƙarfe da matsi 10 a kan 1 za ka ji injin yana ƙyas-ƙyas in ka taka, wannan ƙarar kuwa ita ke fasa ring da kan fistin. In za a sake ɗaure injin, a nemi matsi 9 zuwa 9.5, a sa wa bawul na fita mazauni mai tauri, a tsayar da jimillar taimin a digiri 34 zuwa 36 wajen juyi 3,000. A tabbatar da makin da ke jikin fuli tukuna, domin zoben wajensa yakan zame a kan robarsa ya nuna ƙarya. Baƙin mai na zamani kuma an rage masa sinadarin tutiya, shi kuwa kamshaf mai shafaffen tafet da shi yake rayuwa. Sabon kamshaf sai da mai mai tutiya, kuma da zarar injin ya tashi a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, ba silo. Wanda ya bar shi a silo zai iya cinye ƙusumbin kamshaf kafin ya fita daga gareji. A ƙasa mai zafi irin tamu, a toshe hanyar hayaƙin da ke bi ta ƙarƙashin kafireta don ɗumama ta, in ba haka ba fetur zai tafasa a ciki bayan an kashe mota ta ƙi tashi. A nemi lagireto mai faɗin inci 26 da murfin fanka, ba na 22 ba.

Wuta tana da cututtuka biyu sanannu. In mota ta tashi muddin kana riƙe da makulli a kan kik, ka saki ta mutu, farar resisto ce da ke manne a bangon inji ta ƙone. Araha gare ta, masu irin motar ba sa rabuwa da ta ajiya. Na biyun ya fi haɗari: duk wutar oltaneta tana ratsa soket ɗin bangon inji ta shiga agogon caji na dashbod ta dawo. In bakin wayoyin ya yi tsatsa sai su yi zafi su narke, wani lokaci har gobara. Wanda ya sa babbar oltaneta bai ja waya mai kauri kai tsaye zuwa batir ta hanyar fis ba, ya ƙara wa wutar makamashi ne.

Giyar otomatik ɗinta, TorqueFlite 727, tana da juriya ƙwarai, amma akwai sandar da ta taso daga totur zuwa giyabos. Ba don sauke giya kawai take ba, ita ke ƙara matsin man giya gwargwadon takawa. Masu sauya kafireta sukan cire ta su jefar, sai kuloci na ciki ya yi ta zamewa har ya ƙone.

Bodi da shasi a haɗe suke, don haka tsatsa a nan ba maganar kyau ba ce kawai. Duba ƙasan gilashin baya, inda ruwa ke kwanciya ya zuba cikin but, da ƙasan but ɗin, da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba wanda sandunan murɗa na tayun gaba suke kamawa. In wannan ya ruɓe gaban motar zai iya zubewa. Kayan aiki kuma na inci ne. Sifanar milimita da aka saba da ita a garejinmu za ta yi kamar ta shiga, ta murje kan noti. Har zuwa 1970 notocin tayun gefen hagu a baibai ake kwance su, ana juyawa dama, akwai harafin L a kan bol ɗin. An karya da yawa saboda rashin sanin wannan.

Birki kuwa, akasarin R/T da dram suka fito gaba da baya, inci 11, faifai sai wanda ya biya ƙari. Taka biyu ko uku masu ƙarfi daga babban gudu sun isa su sa dram ya yi zafi ya daina kamawa, ga mota mai nauyin kusan kilo 1,700. Kafin a kashe ko sisi a kan ƙara wa injin ƙarfi, a sa faifai a gaba, a sauya duk robobin man birki, a ajiye tsofaffin kayan a kwali saboda mai saye na gaba zai tambaye su.